Fulogin kayan waje da soket ɗin gidajenmu: shin adafta kaɗai ta isa?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Tudun Wada, Zariya. Yayana da ke aiki a Amurka ya aiko mini da bilenda da kwamfutar tafi-da-gidanka, fuloginsu ƙafa biyu ne masu faɗi. Mahaifiyarmu kuma ta dawo daga Umara da butar lantarki da kaskon turaren wuta. Kan fulogin butar irin namu ne, amma kaskon ƙafafunsa biyu ne masu zagaye. Sannan muna da firiza 'yar Beljiyam mai ƙaton fulogi zagayayye, sai mun tura marfin biro a ramin sama na soket kafin ya shiga. Wani a kasuwa ya ce in sayi adafta, komai zai yi aiki. Maigidana kuma ya ce a yanke kawunan duka a sa namu. Wanne ne daidai?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin komai, don Allah ki ajiye bilendar nan a kwalinta, kada kowa ya jona ta sai kin gama karanta wannan amsa.

Tambayarki ɗaya ce a baki, amma abu uku ne a cikinta: siffar kan fulogi, ƙarfin wutar da aka ƙera na'urar ta ci, da kuma wayar at, wato wayar da ke kwashe wuta ta kai ƙasa idan ta ɓalle ta hau jikin na'ura. Adafta na farkon kaɗai take warwarewa. Ba ta rage wuta, ba ta ƙara ta; yadda ta karɓa daga bango haka take miƙawa. Don haka mai kasuwa ya yi daidai a kan kwamfuta, maigida ya yi daidai a kan firiza da kasko, amma bilenda, in dai irin wadda ake sayarwa a kantunan Amurka ce, shawarar kowannensu ƙona ta za ta yi. Na shafe shekaru fiye da ashirin ina wayarin da gyaran kayan lantarki tsakanin Sabon Gari da Samaru da cikin birni, kuma wannan kuskuren na cikin waɗanda suka fi kawo mini kaya shago a ƙone.

Wutar da ke cikin bangonmu

A ƙa'ida wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, tana kaiwa da komowa sau 50 a daƙiƙa, abin da ake rubutawa 50Hz. Tsarin soket ɗinmu daga Ingila muka gaje shi. Shi wannan mai ramuka uku masu kusurwa, wanda masu aiki ke kira tatin am saboda amfiya 13 yake ɗauka (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), a 1947 aka fito da shi can. A tsofaffin gidaje, musamman gidajen ma'aikata na da, har yanzu ina tarar da wanda ya riga shi, mai ramuka uku zagayayyu na amfiya 5, sai kuma babban yayansa na amfiya 15 wanda muke sa wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki.

Abu biyu ne suka sa nake girmama tatin am. Na ɗaya, ramukan ƙasa biyun da wuta take ciki suna da ƙyaure a rufe. Ƙafar sama ta fulogi ta fi sauran tsawo, ita ke fara shiga ta ɗaga ƙyauren. An yi haka ne domin yaro mai rarrafe kada ya tura ƙusa ko cokali ya taɓa wuta. Marfin biron da kuke turawa aikin wannan ƙafar yake yi, kuma yaran gida suna kallo. Ranar da ɗayansu zai gwada, ba lalle ya ɗauki biro ba, yana iya ɗaukar makulli, ba lalle kuma ya dace da ramin sama ba. Na biyu, a cikin kowane fulogi na ƙwarai akwai fis, ɗan abin da ke tsinkewa ya yanke wuta idan ta wuce kima. Sau da yawa soket ɗin ɗakuna da dama a kan makashi ɗaya suke a allon rarraba wuta, mai amfiya 30 ko 32. Siririyar wayar kasko ko ta fanka za ta narke ta kama wuta tun kafin wannan makashin ya ji komai. Ɗan fis ɗin cikin fulogi shi ke tsare ta. Fulogin Amurka da zagayayyen nan na Turai galibi ba su da fis, domin a ƙasashensu an tsara kariyar ta wata hanya daban.

Sauran duniya kowa da nasa. Amurka da Kanada bolt 120 suke amfani da shi a 60Hz, Japan bolt 100. Ƙasashen Turai irin su Jamus da Faransa da Beljiyam bolt 230 ne a 50Hz kamar mu, sai dai fuloginsu zagayayye ne, haka ma maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru. Dubai irin namu ne sak, wuta da soket. Saudiyya ta koma bolt 230 da soket irin namu, amma a 60Hz, kuma a da akwai gidaje masu bolt 127, don haka tsohon kaya daga can sai an duba. Sin kuwa bolt 220 ne a 50Hz, amma ɗaya daga cikin fuloginsu ƙafa biyu ne masu faɗi, kamanninsa ɗaya da na Amurka. A nan mutane suke ruɗewa. Wani ya shekara yana jona fitilar caji 'yar Sin mai wannan kan ba abin da ya faru, sai ya ɗauka duk mai irin kan haka yake. Siffar fulogi ba ta gaya miki ƙarfin wutar da na'ura ke ci.

Rubutun da ke jikin na'ura

Abin da ke gaya miki shi ne ɗan rubutun da ke ƙarƙashin na'ura, ko bayanta, ko jikin cajarta. Ki nemi lambar da harafin V ke biye da ita. Idan kin ga 100-240V da 50/60Hz, wannan na'urar duk inda aka kai ta a duniya za ta yi aiki. Kusan duk cajar waya da ta kwamfuta haka suke, domin suna da da'irar da ke karɓar kowace wuta ta mayar da ita ƙaramar da batir ke so. Idan kin ga 220V ko 230V ko 220-240V, tamu ce, kan kawai za a gyara. Idan kin ga 110V ko 120V ko 100V shi kaɗai, to ba ta shiga bangonmu sai da taransifomar da ke rage wuta.

Dalilin da ya sa ƙonewar take zuwa nan take shi ne, idan aka ninka bolt sau biyu, zafin da ke tashi a cikin na'ura ba sau biyu yake ninkuwa ba, kusan sau huɗu ne. Wayar da aka naɗa a cikin inji an auna kaurinta ne daidai da bolt 120. Ki ba ta 230, injin zai yi wata irin ƙara kamar zai tashi sama, sai ƙauri, sai hayaƙi. Wasu ko daƙiƙa biyar ba sa kaiwa. An taɓa kawo mini tukunyar dafa shinkafa 'yar Japan da wata amarya ta samu cikin kayan ɗakinta, sabuwa fil, ko ledar jikinta ba a gama ɓarewa ba. An jona ta da adafta, fitilarta ta kama sau ɗaya ta mutu. Da na juya ƙasanta, ga 100V a rubuce ɓaro-ɓaro. Har yau ina jin takaicin wannan tukunya, domin duba na minti ɗaya ya isa ya cece ta.

Masu tsohuwar kwamfutar tebur da aka shigo da ita gwanjo su ma su duba bayanta. Wasu suna da ɗan jan maɓalli mai 115 a gefe ɗaya, 230 a ɗaya gefen. A tura shi zuwa 230 kafin a jona.

Kwamfutarki ita ce mai sauƙi. Ki duba jikin cajar, in kin ga 100-240V, an gama. Adafta za ta yi, amma akwai abin da ya fi ta. Yawancin cajojin nan wayar da ke zuwa bango cire ta ake yi daga jikin cajar. Ki zare ta, a kai wa masu kayan kwamfuta a PZ ko kasuwar Sabon Gari, a sayo irinta mai kan tatin am. Ba yanka, ba adafta, ga fis kuma kin samu.

Bilendar Amurka

In rubutun ya nuna 120V, zaɓi biyu gare ki. Na farko taransifomar rage wuta, wadda 'yan kasuwa ke kira sitef-dawun. Ki duba lambar da W ke biye da ita a jikin bilendar, wato wat, yawan wutar da take ci. Inji mai juyawa yana fizgar wuta da yawa lokacin tashi, shi ya sa nake ba da shawarar a sayi taransifomar da ta ninka wannan lambar. Bilenda mai wat 600, a nemi mai 1200 ko 1500. Ta gaskiya nauyi gare ta, domin ƙarfe da naɗin waya ne a cikinta. In aka miƙo miki wani ɗan abu kamar kwalin ashana mara nauyi an rubuta 1600W a jikinsa, ki mayar. Irin wannan na matafiya ne, daddatsa wutar yake yi ba rage ta ba, an yi shi ne domin abin ɗumama zalla na ɗan lokaci, kuma yana kashe na'ura mai allon lantarki a ciki.

Ki kuma sani cewa taransifoma rabawa kawai take yi. Ranar da wuta ta zo da rauni, kamar yadda muka saba gani da magariba a unguwannin da taransifomar layi ta yi wa jama'a kaɗan, rabin raunin za ta miƙa, injin ya riƙa gurnani yana zafi. Ranar da ta zo da ƙarfi fiye da kima, ko ƙaramin janareta ya yi sama da ita, haka za ta wuce. Sitabilaiza da yawa a kasuwa suna da ramin 110V a bayansu, kuma wannan ya fi, domin tana daidaita wutar kafin ta rage. Sai dai lambar da ke gabanta, kamar 1000VA, ba wat 1000 cif ba ce, abin da za ta iya ɗauka bai kai haka ba, musamman in wutar da ke shigowa ta yi ƙasa. A sayi mai girma.

Zaɓi na biyu, ki kwatanta kuɗin taransifomar da na sabuwar bilenda mai 230V. Sau da yawa ba su da nisa da juna. In bilendar babba ce mai tsada, ta cancanci a saya mata. In 'yar madaidaiciya ce, ni dai ban ga riba ba, domin ko kin saya, wata rana ƙanwarki ko 'yar aikinki za ta zo markaɗe ba kya nan, ta ga soket mai karɓar kowane kai, ta jona kai tsaye. In kin zaɓi ajiye ta, ki bar mata kanta na Amurka yadda yake, kada a sa mata namu ko kusa, kuma a ɗaure wayarta a jikin taransifomar da salatif yadda ba za su rabu ba. Wannan ne wurin da shawarar maigida ba ta yi ba: kan tatin am a jikin na'urar 120V gayyata ce ga duk wanda ya gan ta ya soka a bango. Su kuwa abin busar da gashi da dutsen guga da hita na Amurka, masu cin wat 1500 zuwa sama, taransifomarsu ta fi su tsada nesa ba kusa ba. Ba na ba kowa shawarar wahala da su.

Batun 50Hz da 60Hz bai shafi bilenda sosai ba, domin irin injinta mai gawayi ne, wato mai 'yan guntayen gawayi a ciki da ke miƙa masa wuta, bai damu da wannan ba. Bai shafi buta ko kasko ba, su zafi kawai suke yi. Inda yake da tasiri shi ne firji da na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki da fanka, in an rubuta 60Hz kaɗai a jikinsu. A wutarmu gudunsu zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, kuma injin zai fi yin zafi, kwanansa ya ragu. Alhazai masu sha'awar ɗauko irin waɗannan daga Saudiyya su nemi mai 50/60Hz.

Firizar nan ta fi damuna

A cikin duk abin da kika lissafa, bilenda asarar kuɗi ce kawai. Firiza kuwa maganar rai ce. Wannan ƙaton fulogi zagayayye na Turai yana da at, amma ba ƙafa ba ce kamar namu. Ki duba gefensa za ki ga 'yan ƙarafa biyu a sama da ƙasa, ko rami a fuskarsa. A soket ɗinsu akwai abin da ke kama waɗannan. A namu babu. Don haka duk lokacin da aka cusa shi a bangonmu, ko aka sa shi a adaftar da ake sayarwa a tire, firizar tana aiki ba at. Jikinta ƙarfe ne, tana zaune inda ake zubar da ruwa, masu buɗe ta mata ne da yara, sau da yawa ba takalmi, hannu a jiƙe. Ranar da waya ta goge a ciki ta taɓa jikin, ba inda wutar za ta bi ta kai ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa. An taɓa kirana wani gida da ake sayar da ƙanƙara da zoɓo, yarinya ta taɓa murfin firiza wuta ta ja ta ta yar. Allah ya sa da sauran kwana. Da na sa mita tsakanin jikin firizar da ƙasa, wuta ce cikakkiya a kai. Mutanen gidan suka ce ai ta daɗe tana ɗan tsikarinsu, sun ɗauka halin 'yar Beljiyam ne. Duk na'urar da ke tsikari, kashedi take yi, a kashe ta a kira mai gyara a ranar.

Bayan rashin at, akwai rashin kamu. Ramin soket ɗinmu an yi shi ne domin ƙafa mai faɗi ta kwanta a jikin ƙarfen ciki sosai. Zagayayyar ƙafa a ɗan wuri kaɗan take taɓawa, kuma tazarar ƙafafun na Turai milimita 19 ce, tamu kuwa ta kai 22, don haka dole a tanƙwara wani abu kafin ya shiga. Inda kamu ya yi sako-sako, nan zafi ke taruwa. Shi ne baƙin da kike gani a bakin soket, da ƙaurin roba, da 'yar ƙarar tartsatsi. Firiza dare da rana take aiki, har lokacin da kowa ke barci. Kuma soket ɗin da aka saba cusa masa irin wannan kan ya buɗe ke nan, ko namu aka sa masa daga baya ba zai riƙe da kyau ba. A canza shi shi ma.

Saboda haka a nan maigida ya yi gaskiya: a yanke, a sa kan tatin am mai fis na amfiya 13. In an buɗe sabon fulogin ana kallon cikinsa, waya mai ruwan ƙasa tana zuwa dama inda fis yake, shuɗiya hagu, mai kore da rawaya sama. A bar ta saman ta fi sauran tsawo, domin in an fizgi waya ita ce ta ƙarshen tsinkewa, kuma maɗaurin ya danne baƙar rigar waje, ba 'yan wayoyin ciki ba. Masu koyon aiki su kiyaye wani tarko: a tsohon tsarin Ingila da ke cikin gidajenmu da yawa, ja ce mai wuta, baƙa ce marar wuta, amma a wayar Amurka baƙa ce mai wuta, fara ce marar wuta. Tsohon kan da aka yanke kuma a fasa shi a jefar, kada yaro ya tsince shi ya soka a bango da guntun waya tsirara.

Kaskon turare shi ma a sa masa namu, amma da fis na amfiya 3, domin abin da bai kai wat 700 ba wannan ne fis ɗinsa. Sababbin fulogi da na 13 suke zuwa, sai an nemi na 3 daban, jan rubutu gare shi. Ki duba ko akwai alamar ƙaramin murabba'i a cikin babba a jikin kaskon. In akwai, rufinsa biyu ne, ba ya buƙatar at. In babu, jikinsa kuma ƙarfe ne, wayarsa biyu ce kacal, to ki riƙa zare shi daga wuta kafin ki taɓa, kuma kada a bar shi a kan kafet ko kusa da labule. Butar kuwa, in 220-240V ce, ta shiga bango kai tsaye. Kada ta bi ta ekstenshin, domin buta mai wat 2200 kusan amfiya 10 take ja ita kaɗai, soket ɗaya kuma iyakarsa wajen wat 3000.

Adafta tana da wurinta: cajar waya, ta baƙon da zai kwana biyu, abin da ba ya cin wuta kuma ana kusa da shi. Ko ita a sayi mai fis, mai nauyi a hannu, wadda fulogi ke shiga da ɗan ƙarfi ba ya lilo. Araha ba ta ado. Ni da ɗan maganaɗisu nake zuwa sayayya: ƙafar tagulla ba ta kama shi, wadda ta manne kuwa baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti, zafi za ta riƙa yi. Kada kuma a ɗora adafta a kan adafta.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa ke nan, domin ban ga rubutun jikin kayanki ba, ban kuma ga wayarin gidanki ba. Wannan na biyun yana da muhimmanci, domin sa wa firiza kai mai ƙafa uku ba zai amfana komai ba in ramin sama na soket ɗin ba a haɗe yake da komai ba. Na sha kwance soket a gidajen Zariya, tsofaffi da sababbi, in tarar da waya biyu kacal. Wani gidan an ja wayar at, amma sandar da aka binne ta yi tsatsa ta rabu, ko ƙasar wurin ta bushe ƙayau da rani har ba ta ɗaukar wuta da kyau. Testa mai ɗan ƙwai ba ta nuna wannan, sai an auna da mita. Ranar da mai gyara zai zo canza kawunan, ki ce ya auna at ɗin soket ɗin firiza a gabanku, ya kuma gaya muku kuɗin sa makashin nan mai jin yoyon wuta, na miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta nan take in ta fara bin jikin mutum. Rubutun ƙasan bilendar kuma ki ɗauki hotonsa ki turo, in gaya miki girman taransifomar da za ta ɗauke ta.